Tuffar Doña Ercilia da Likitanta

A duk tsibirin Lemuy, bishiya ba ta taɓa mutuwa ba sai Don Liborio Bahamonde ya ce da an kira shi da wuri da ta rayu. Ba a kuma taɓa kiransa da wuri ba, domin mutanenmu suna son bishiyoyinsu. Shekarunsa sittin da bakwai, matarsa ta daɗe da rasuwa, yana da gonar tuffa mai gindi arba'in da gashin baki murɗaɗɗe, kuma in ya soma ba ka labarin shekara biyun da ya yi a manyan gonakin tuffa na Argentina, to ka nemi wurin zama. Waɗanda suka je tare da shi sun ce akwatuna yake ɗauka. Shi kuwa ya ce lafiyar itatuwa dubu tara ce a hannunsa.

Abu ɗaya ne bakinsa ya kasa faɗa da ƙarfi, wato yana son Doña Ercilia Mansilla, matar marigayi Rosendo. Shekara huɗu yana kai mata dankali da kifi mai hayaƙi yana zancen yanayi. Sai a ranar gayyar dakan tuffa ta gidanta, cikin watan Maris, maza na sauke sanduna a kan tuffa cikin kwami, mata na tace ruwan, ya same ta ita kaɗai a ƙofar gida ya furta, yana kallon takalmansa.

Doña Ercilia ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ce jibi za ta tafi Punta Arenas wajen 'yarta mai ciki, za ta yi wata uku. Sannan ta nuna masa wata 'yar bishiya da ke tsaye daidai tagar ɗakin girki.

"Ka ga waccan? Rosendo ne ya dasa ta. Shekara biyu ke nan ganyenta na yin baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an yayyafa masa toka, tun kafin lokaci sai ya yi rawaya ya zube. Ka kula min da ita. In na dawo na ga yadda ka riƙe ta, zan ba ka amsarka."

Don Liborio ya zagaya bishiyar sau biyu, hannu a baya. Ganyen ko kallon kirki bai samu ba. Idonsa na kan 'ya'yan, jajaye wur, babu wadda ta wuce kan babban yatsa. A wajenmu darajar tuffa ruwan da take bayarwa ne, don haka kowa a ƙauyen ya daɗe da yanke cewa bishiyar nan ba ta da lafiya, kunyar marigayi ce kawai ta hana a faɗa.

"Doña, ɗigon ganye ai ba ciwo ba ne. Ga ciwon can a rataye. Wannan tsumburewa ce, mai tsanani ma. Na warkar da irinta ba adadi."

"Don Liborio, ai ita wannan dama can..."

"Kada ki wahalar da bakinki. Mai ciwo ba ya yi wa likita bayani."

Da ma a nan ya tsaya. Amma sai ya koma wajen gayya, ya hau kan ganga, ya sa aka dakata da daka, ya sanar wa jama'a cewa baɗi war haka, a wannan gida, bishiyar Rosendo za ta ba da tuffa kowace kamar dunƙulen hannunsa, kuma da ita za a buɗe kwami.

Don Tránsito Millalonco, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna wasan ƙasa, ya jingina da sandarsa ya ce, "Mutumina, dunƙulen hannunka na yanzu ko na ranar da aka haife ka?"

Aka yi dariya. Don Liborio ya ce mai tuffa mai tsami irin ta Tránsito, wadda ko alade sai ya rufe ido yake ci, ba shi da bakin magana. Don Tránsito ya koma kan daka. Ya ajiye maganar a inda zai same ta.

Aikin farko aski ne. A cewar Don Liborio, uwa mai 'ya'ya ɗari biyar ba za ta iya ƙosar da ko ɗaya ba, sai an rage mata baki. Ya zaɓi wata ranar Mayu da ake tsuga ruwa, wai don kada bishiyar ta ji zafi, ya ɗauko zarton da ya gama yanke wani reshe mai gyambo a gonarsa, ko gogewa bai yi ba, ya hau tsani. Duk wani gajeren tsiro mai kumburin kai, inda fure ke fitowa, ya bi ya tsinke, ya ce ƙuraje ne. Cikin manyan rassa bakwai ya bar uku. Da ya sauko ya tattaro ganyen nan mai ɗigo da ya zube, ya tula shi a gindinta har gwiwa, wai bargon sanyi.

Don Tránsito na leƙe ta kan shinge. "Aski kake mata ko yanka?"

"Tiyata ce. Ba a yin ta gaban jahilai, amma na yi maka rangwame."

"To in ka gama ka ba ni fatar."

Aiki na biyu ya jira safiyar idin San Juan, ashirin da huɗu ga Yuni. Kowa ya san yadda ake yi wa bishiyar da ta ƙi haihuwa a wannan rana. Mutum ɗaya ya ɗauki bulala ya zane ta yana zaginta, wani kuma ya riƙe hannunsa ya ce a bar ta, bana za ta yi. Mai dukan ba ya tsayawa sai an roƙe shi, in ba haka ba bishiyar za ta gane barazanar banza ce. Yawanci bulala uku ake yi a je a sha shayi. Don Liborio ya shirya da Don Tránsito cewa shi ne mai roƙo, ya kuma gayyaci duk unguwar su zo su ga yadda ake yi a ilmance.

Ya tsaya gaban 'yan rassan nan uku da bulalar shanu. "Raguwa! Mai cin ƙasa a banza! Wannan ce tuffar da za ki ba mutane?" Ya zuba mata ɗaya, ya zuba ta biyu, ya zuba ta uku, ya tsaya da hannu a sama yana jiran a riƙe.

Don Tránsito na zaune a kan kututture yana hura shayinsa.

Don Liborio ya ƙara uku. Ya waiwaya. Ya ƙara biyar. Ɓawo ya soma tashi.

"Tránsito," ya ce ƙasa-ƙasa, "lokaci ya yi."

"Ina tunani ne ko ta cancanta."

"Roƙe ni mana, mutumina."

"Ni mai tuffa mai tsami? Ai ba ni da bakin magana."

Mata suka rufe baki da mayafi. Don Liborio ya ci gaba, don tsayawa babu roƙo zai ɓata maganin gaba ɗaya, kuma shi ne ya gama yi wa mutane wannan bayanin. Zagi ya ƙare masa ya koma maimaitawa. Kafaɗarsa ta riƙe, ya mayar da bulalar hannun hagu, bakin bulalar ya kewayo ya same shi a kunne. A bulala ta sittin da wani abu ya tsugunna yana haki, ya ce a gaban kowa tuffar Tránsito ta fi zuma zaƙi, shi ne harshensa ya lalace. Sai a lokacin Don Tránsito ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe wando, ya dafa shi ya ce, "Haba maigida, ka bar ta, bana za ta yi."

Don Liborio ya rataye bulalar a ƙusar shingen Doña Ercilia. Kwana tara bai iya ɗaga cokali da hannun dama ba, ya ce wa mutane alamar maganin ya shiga ce.

Wata ukun Doña Ercilia suka cika ba ta dawo ba. 'Yarta ta haifi tagwaye, jikinta kuma bai yi ƙarfi ba, sai uwar ta zauna. Kowace Lahadi bayan coci tana bugo waya.

"Ɗigon nan fa, Don Liborio?"

"Doña, na rantse da kabarin mahaifiyata, babu ɗigo ko ɗaya a jikinta."

Bai yi ƙarya ba. A watan Yuli ne, tsakiyar sanyi a wajenmu, babu ganye ko ɗaya a jikinta.

Da Agusta ya kama sai ya shiga ciyarwa. Ya ɗauko amalanke biyu na ciyawar teku, irin wadda muke sa wa dankali, ya haƙa rami kewaye da gindin har ya datse saiwoyi, ya zuba kawunan kifi buhu guda ya binne. Sannan ya dama farar ƙasa. Kowa na shafa wa bishiya farar ƙasa zuwa gwiwa, shi kuwa ya shafe ta har ƙarshen rassa, domin in kaɗan na da amfani, da yawa ya fi. Kwana uku karnukan ƙauyen suka tone kifin. Rana ta huɗu aladen Don Tránsito ya fasa shinge ya ƙarasa aikin. Rana ta biyar angulaye suka jeru a kan rufin Doña Ercilia, har wata tsohuwa ta shigo da kyandir tana tambayar yaushe aka yi rasuwar.

Oktoba ta zo. Kowace shekara a wannan wata bishiyar kan rufe da fure ja-ja mai haske, har masu kwalekwale kan ce da ita suke gane gaɓar ƙauyen daga cikin ruwa. Bana fure goma sha ɗaya ta yi. Ƙudan zuma suka zo, suka zagaya, suka wuce gonar Tránsito. Inda bulala ta fasa ɓawo kuwa ya lotsa ya yi baƙi, irin gyambon da ke gonar Don Liborio sak.

A cikin watan ne malamar gona, wata matashiya mai suna Yasna Barría, ta zo duba dankalin ƙauyen. Don Tránsito ya jawo ta har gindin bishiyar. Ta daɗe tana kallo, ta ɗaga wani sabon ganye ta duba bayansa, ta tona tulin ruɓaɓɓen ganyen da ƙafa.

"Wa ya yi mata haka?"

"Ciwon ne," in ji Don Liborio. "Da ban tare shi ba da ya fi haka."

"Baba, ciwonta ɗaya ne, kuma ƙarami. Wata funfuna ce da ke kwana a ganyen da ya zube, in ruwan bazara ya sauka sai ya fantsama ta kan sabon ganye. A share ganyen a ƙone, a ɗan rage rassa ranar da babu ruwa don iska ta ratsa, a yi feshi sau biyu lokacin toho. Shi ke nan. Wannan gyambon kuwa zarto ne ya kawo shi."

"To ƙanƙantar 'ya'yan fa? Makarantarku ba ta kai nan ba?"

"Ai tuffar ado ce. Haka 'ya'yanta suke, ko a ina. Don furen ake dasa ta."

Don Liborio ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tuffar ado! Kun ji? Gobe za a ce mana akwai saniyar ado, ba nono sai kyan ido. 'Yata, tuffa tuffa ce."

Malamar ta ce in aka yanke gyambon da wuƙa mai tsabta, aka bi abin da ta faɗa, wataƙila bishiyar ta sake fure sosai nan da shekara uku. Ta shiga motarta ta tafi. Dariyar Don Liborio ta bi motar har kwana, daga nan ta tsaya. Ya tuna da maganar da Doña Ercilia ta fara bai bari ta ƙarasa ba. Amma ya riga ya hau ganga a gaban tsibiri guda, kuma saukowa daga ganga ya fi hawanta wuya ga mutum irinsa.

Doña Ercilia ta aiko cewa za ta iso da jirgin ruwa na safe ranar gayyar gidanta, 'yan'uwanta sun shirya komai. Ran nan tun da asuba Don Liborio ya fito da tsani, da buhun tuffa, da ƙullin zaren fatsa, wanda ido ba ya gani in ba an matso ba. Nasa jajayen ba su kai yadda yake so ba, sai ya haɗa da kore, ya kuma tsallaka shinge ya aro manyan rawaya daga gonar maƙwabci. Ya ɗaure guda tamanin a rassa uku, kowace da ƙullin masunta, wanda ko kifi mai ƙarfin jaki ba ya kwancewa. Da ya sauko ya ja baya ya duba, sai ya ji har shi ma ya fara yarda.

Hantsi ya yi, gida ya cika. Mutane suka yi cirko-cirko nesa da bishiyar, domin Don Liborio ya kewaye ta da igiya ya ce mai jinya ba ta son numfashin jama'a. Doña Ercilia ta shigo da jakarta a hannu. Ta tsaya. Ta dubi farar bishiya mai rassa uku, da 'yan ganye tsiraru, da tuffa launi uku na reto.

"Doña," in ji Don Liborio, ya cire hula, "na karɓe ta tsumburarriya, ga ta na mayar miki uwa."

"Ikon Allah," in ji Don Tránsito. "Ja da kore da rawaya a gindi ɗaya. To ai alkawari ka yi da ita za a buɗe kwami. Jama'a, a kawo buhuna, a girgiza."

Mu ba ma tsinkar tuffar daka da hannu. Girgiza bishiyar ake yi ta zubo, a tsince. Kafin Don Liborio ya buɗe baki, ƙarti biyu sun tsallake igiya sun kama gindin. Suka girgiza. Ko ɗaya ba ta faɗo ba. Suka ƙara ƙarfi. Tuffa tamanin suka shiga lilo, suna kaiwa suna komowa, suna karo da juna ƙwas ƙwas, wata ta yi kewaye ta ɗauke hular ɗaya daga cikin ƙartin.

"Ƙarfin maganin ne," in ji Don Liborio. "Sun kama da kyau. A bar su su huta."

"A sa sanda," in ji Don Tránsito.

Ba a kai ga sanda ba. Babban reshen, wanda gyambo ya riga ya ci rabinsa, ya yi ƙara ya ɓalle, ya faɗo a gaban Doña Ercilia. Don Tránsito ya sunkuya ya ɗaga shi sama, tuffa talatin na reto a zare kamar kamun safe. Ya kama wata rawaya ya juya ta.

"Wannan tawa ce. Ga ma inda tsuntsu ya tsaga ta shekaranjiya. Mutumina, ashe mai tsamin ma tana da rana."

Dariyar da aka yi, har karnuka suka kama haushi. Doña Ercilia ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ajiye jakarta, ta taka zuwa gindin bishiyar, ta shafa tabon bulala da tafin hannunta. Da mutane suka ga fuskarta sai suka daina dariya.

"Shekara ashirin da biyu Rosendo yana tafiya askin tumaki a kudu, ni ina nan da dankali da aladu da yara," ta ce. "A tafiyarsa ta ƙarshe ya dawo da wannan a cikin gwangwani. Na ce me za ta ba mu? Ya ce ba komai. Ya ce duk abin da ke gidan nan aiki yake yi, har ni, don haka yana so in buɗe taga in ga abu ɗaya da ba a neman komai a wajensa. Abin da na so in faɗa maka ke nan, Don Liborio. Ɗigon ganye kawai na ce ka duba."

Don Liborio ya sunkuyar da kai ya dubi reshen. Kunya ta kama shi, da kuma baƙin ciki na gaske, don ya ga amsar da ya jira shekara biyar kwance a ƙasa ɗaure da zaren fatsa.

Doña Ercilia ta juya ta hango bulalar a ƙusar shinge. An riga an ba ta labarin San Juan da na malamar gona tun a jirgi. Ta ciro ta, ta warware, ta tsaya a gabansa ta ɗaga hannu.

"Ga wani gindin da ya shekara sittin da takwas yana cin ƙasa, bai ba da komai ba sai surutu. Akwai mai roƙo?"

Ba wanda ya motsa. Don Liborio ya karkata ido wajen abokinsa.

"Tránsito," ya ce ƙasa-ƙasa.

Don Tránsito ya goge tuffarsa rawaya a riga, ya gatsa, ya tauna a nitse, ya haɗiye. "Ina tunani ne ko ya cancanta."

Sai da ya cinye ta har ƙwallo, sannan ya matso ya riƙe hannun Doña Ercilia. "Haba uwargida, ki bar shi. Bana dai ba zai yi ba, amma a gwada shi."

Ta sauke bulalar. Ta shiga rumfa ta fito da manjagara ta danƙa masa.

"Malamar gona ta ce shekara uku. Duk ganyen da ya faɗi ka share ka ƙone. Zarto, bulala, kifi, kada in sake ganinsu a ƙofata. Ranar da na buɗe taga na gan ta cike da fure, ka zo ka sake tambayata."

Ganye ashirin da shida ne suka rage a bishiyar a wannan kaka. Duk wanda ya bi hanyar coci zai ga Don Liborio zaune a kan kututture, manjagara a cinya, ya ɗaga kai yana jiran na gaba ya faɗo. In ka gaishe shi zai gaya maka cewa ciwon funfuna ne mai kwana a ganye, kuma shi tun ranar farko ya gane. Amma yakan fara duba tagar ɗakin girki tukuna, in a buɗe take sai ya ce maka ana sanyi yau.